Hannun Daman Alhaji Yunusa

Kai mai jar riga, sa wayar nan a aljihu ka saurare ni. Tun ɗazu ina jinku, wai wannan aiki ba komai ba ne, taranzista ɗaya, dayod biyu, muƙawama biyu, kafin shayi ya huce an gama, ai kun gani a waya. To, ba ƙarya aka yi muku ba, abu biyar ne. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya ina haɗa abu biyar ɗin nan a wannan lungu na kasuwar Gadarif, kuma har yau ban raina su ba. Ku jawo benci ku shigo inuwa, rana ta fara cizo.

Abin da ake nema a wurin wannan haɗi guda ɗaya ne: ya tura tayyar, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya, daidai yadda ka yanka masa, kada ya ƙara, kada ya rage. Kun san mai karon ruwa, mai tallan ruwa a keken jaki, wanda ya iya aikinsa. Gangarsa cike take ko ta yi rabi, yatsansa na bakin tiyo, ruwan yana zubowa iri ɗaya. Taranzista shi ne yatsan. Dayod biyu suna riƙe masa ƙafar shiga a kan folt ɗaya da 'yan kai, shi ya cinye rabi, ragowar ta sauka a kan muƙawamar da ke ƙasa, 'yar abar nan mai zobban launi. Girmanta shi ke yanke hukunci. Ka sa mai sittin da takwas, ka sami tayyar mili goma, a ma'aunin mita, ko kusa da haka. Ka ninka ta, ka sami biyar. Halas, nan lissafi ya ƙare. Abin da waya ba ta gaya muku ba shi ne halin abin. Ba ruwansa da wanda ka ɗora masa. Fitila ce, batir ne, guntun waya ne, shi dai gomansa zai tura muddin yana da sauran ƙarfi.

Usta Abbakar, Usta wato gwanin sana'a, mai gyaran rediyon da na yi shekara shida a gabansa, bai taɓa barin aiki ya fita daga shago ba sai ya sha gwaji huɗu. A ɗora masa ƙaramin kaya, a ɗora masa babba, a kawo kawiya, ƙarfen narka dalma, kusa da shi har ya ji zafi, sannan a lulluɓe shi da tsumman da aka jiƙa a tulu. Duk wannan idonka yana kan allurar mita, ko an kira sunanka ba ka waiwaye. Idan ta motsa fiye da kaurin gashi, sai ya turo maka aikin da ɗan yatsa, ka wargaza ka sake. Na tsani tsohon nan a lokacin, Allah Ya jiƙansa, domin ni ma gani nake abu biyar ne kawai.

Akwai fitilar da na yi wa wata ma'ajiyar riɗi a Simsim, shekarun da fararen fitilun nan ƙanana suka fara shigowa. Dayod sun ƙare mini, lori na jira, sai na riƙe ƙafar da muƙawama kaɗai, na tsallake gwajin zafi. Ma'ajiyar ba ta da taga, fitilar a kunne take wuni, 'yar dishi-dishi. Bayan mako biyu aka aiko mini cewa mai gadi ya gudu ya bar takalmansa. Wai kullum da rana tsaka, ƙofa a kulle, mabuɗi a wuyansa, sai haske ya riƙa ƙaruwa ta ƙarƙashin ƙofa kamar wani ya shiga yana murza ta, la'asar na yi ya koma yadda yake. Na je na zauna a bakin ƙofar nan ni kaɗai, babu kowa a filin sai kukan kurciya, ina kallon hasken yana rarrafowa a kan ƙasa. Na san kwanon rufi ne ke gasa taranzista, na san haka tun kafin in hau lori, amma wallahi sai da na yi addu'a kafin na sa mabuɗi. Na manna dayod a bayan taranzista don su riƙa jin zafi tare, abin ya tsaya. Mai gadin dai bai dawo ba.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne a lokacin da gari ya cika. Mutanen Khartoum suka fara zuwa suna gudun yaƙi, na Madani suka biyo baya, kowace makaranta da kowane tsakar gida akwai mutane a shimfiɗe. Kayan aiki suka daina shigowa. Tsofaffin talabijin nake fasawa ina ciro abin da zan ciro, dalma kuwa in kankaro ta daga tsohon allo in sake narkawa. Wuta ta fi ɗaukewa a kan zuwa, har na koma wa kawiyar tagulla ta Usta Abbakar, wadda ake ɗorawa a kan gawayi. A wannan hali wata mata ta tsaya daidai inda kake tsayen nan, ta yi sallama, ta miƙo mini takarda.

Sunanta Sa'adiyya. A Madani aikinta motsa gaɓoɓin waɗanda jikinsu ya shanye, a wani asibiti. Ta ce mahaifinta, Alhaji Yunusa, tsohon direban lori, ɓarin jikinsa na dama ya shanye bayan sun iso. Ƙafa ta fara dawowa, kafaɗa da gwiwar hannu suna ɗan motsi, amma yatsu sun mutu murus, ko tsinke ba sa riƙewa.

"Ammu Usta," ta ce, wato Baffa Usta, "ba hannun nake tsoro ba, yunwa nake tsoro. Ya ƙi ci da hagu."

Na ce ai addini ya yi sauƙi ga mai lalura.

"An kawo masa liman har ɗaki ya gaya masa. Ya ce ya sani, bai musa ba, amma in ya ɗauko loma da hagu maƙogwaronsa rufewa yake yi. In mahaifiyata ta ce za ta ba shi a baki, sai ya juya fuska, wai shi ba jinjiri ba ne. Kunu kawai yake kurɓa, yana tallafe kofin da bayan hannun daman. Wata na uku ke nan. Kana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin jallabiya."

A asibitinsu akwai na'urar da ake manna wa fata, ta tura 'yar wuta a jijiya, yatsu su damƙe. An baro ta can tare da komai, irinta take so in haɗa mata. A takardar ta rubuta yawan tayyar da take so, da iyakar da ba za a wuce ba ko ana ha-maza ha-mata. Ta ce fatar mutum ba ta tsayawa wuri ɗaya, yanzu a bushe, an jima da gumi. In aka jona batir kai tsaye, a bushe ba zai ji komai ba, da gumi kuma ya ƙone. Na dube ta, na ce a raina wannan ta fi masu zuwar mini da takardar jami'a fahimtar abin. Na gaya mata ban taɓa ɗora aikina a kan mutum ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa roƙon mai gyaran rediyo ba.

Kwana tara na yi a kansa. Wutar gari ban bari ta kusance shi ba. Ƙananan batura huɗu na jera, masu folt tara-tara, don ya sami ƙarfin ratsa fata. Taranzista na ciro daga tsohuwar talabijin, mai jure folt da yawa. Muƙawamar ƙasa na raba ta biyu: ɗaya ta murzawa, don Sa'adiyya ta ƙara ko ta rage, ɗaya kafaffiya a bayanta, wadda ko an murza har ƙarshe ba za a haye iyakar takarda ba. Ku riƙe wannan, ku masu gamawa kafin shayi ya huce. Na sa wani ɗan haɗi da ke yanka wutar gutsi-gutsi, don jijiya ba ta son wuta mai ɗorewa. Kamawa da saki kuwa, abin da ke ƙyafta siginar lori na samo wurin masu fasa motoci, na rage masa gudu. Ƙas, ya kama, a ƙirga biyar. Ƙas, ya saki, a ƙirga biyar. Na zuba su duka a akwatin katako na wata tsohuwar rediyo, na sa mita mai allura a fuska, na ja jan layi inda ya kamata ta tsaya.

Gwaji huɗun na yi masa, sannan na ƙara na biyar. Da hantsi ne, kasuwa na ci. Na jiƙa 'yan tsummoki biyu da ruwan gishiri, na ɗaura a hannuna ƙasan gwiwa inda ta nuna mini, na ajiye hannun a kan tebur kusa da sukudireba, na kunna. Ƙas. Yatsuna suka naɗe suka ɗauki sukudireban. Ban ce su ɗauka ba. Ina kallonsu kamar hannun wani aka ajiye mini a tebur, da tabon ƙunata a babban yatsa da komai. Ƙas, suka saki. A karo na biyu na yi ƙoƙarin hana su, na kasa. Mai shayin da ke can tsallake, wadda ta yi shekara da shekaru tana kawo mini gahawa, tana tsaye da tire a bakin ƙofa tana kallo. Ta ajiye tiren a ƙasa ta koma, ranar kuma ba ta zo karɓar kofi ba.

Suna zaune a wata bukkar ciyawa a bayan gidan wani ɗan'uwansu, can gefen gari ta hanyar Doka. Alhaji Yunusa na kishingiɗe a kan angarib, gadon igiya, dogon mutum, ƙasusuwan fuska duk sun fito. Matarsa, Hajja Kaltume, tana zaune a ƙasa gefensa. Ya dubi akwatin, ya dube ni, bakinsa a ɗan karkace.

"Kai ne za ka tuƙa mini hannu, ya zol?" Haka ake kiran mutum a nan.

"Kai za ka tuƙa, Alhaji. Ni gyara kawai na yi."

Sa'adiyya ta ɗaura masa tsummokin, ta murza a hankali. Da akwatin ya yi ƙas ɗin farko sai ya ɗaga gira. "Wannan ai siginar lori ce," ya ce. "Ina za mu juya?" Ba wanda ya yi dariya, domin a lokacin ne yatsun da suka yi wata uku a kwance suka taso suka dunƙule. Hajja ta ja da baya har ta ture kwano.

Sa'adiyya ta gutsuro kisra, siririyar wainar dawa, ta dangwalo miyar kuɓewa, ta ajiye a tsakanin yatsunsa. Ƙas, suka kama. Ya tattaro ƙarfin kafaɗa, ya sunkuyo da kai don ya tare ta, hannu na rawa, miya na ɗiga. Ƙas, suka saki kafin ya kai, lomar ta faɗi. Sau huɗu tana faɗuwa. A na biyar ta shiga baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi, sannan ya ce a ƙaro. Ni na fita waje na tsaya ina kallon dangar kara, don ban so su ga fuskata ba.

Daga nan kullum sau biyu ake ɗaura masa, da hantsi da la'asar. Yakan ci loma bakwai, takwas, wata rana goma. Ba ƙiba ya yi ba, amma ya fara zama da kansa, ya fara yi wa mutane faɗa, Sa'adiyya ta ce wannan alama ce mai kyau. Maƙwabta kuwa suka ɗauke ƙafa. Mata suka ce ba za su shiga ɗakin da akwati ke motsa hannun mutum ba. In sun zo wucewa suka ji ƙas-ƙas ta cikin ciyawa, sai su ƙara sauri.

Da damina ta sauka Sa'adiyya ta sami aiki a wani ɗakin shan magani a Doka, takan yi kwana uku ko huɗu a can. Aikin akwati ya koma hannun Hajja, wadda tsoronsa take ji. Ni na koya mata, kuma na koya mata ne yadda aka koya mini. Na ce, "Hajja, in kin kunna, idonki a kan allura. Kada ki ɗauke shi. In ta wuce jan layi, ki cire wannan wayar." Abin ya yi wa Alhaji daɗi, domin dama ba ya son a kalle shi yana ci, abinci na zubo masa ta gefen bakin da ya karkace. Sai suka saba a haka. Ta zauna a ƙasa ta ba fuskarsa baya, idonta a akwati, ta miƙa hannu ta laluba tafinsa ta sa loma, in ta laluba ta ji babu ta sake sa wata.

Wata rana hantsi ya yi nisa, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, kasuwa ta yi tsit, sai wani maƙwabcinsu mai raksha, babur mai ƙafa uku, ya tsaya a ƙofar shago. "Usta, Hajja ta ce ka zo, akwatinka ya lalace." Na ɗauki mita da sababbin batura na bi shi. Rakshar ta kafe a baƙar laka tun kafin mu isa, na ƙarasa da ƙafa, takalma a hannu.

Tun daga waje nake jin ƙas, ƙas. Ɗakin da duhu duk da rana ce. Alhaji na jingine da matashi, kansa a sunkuye a ƙirji yadda yakan yi in zai tari loma, hannun daman a kan cinya. Hajja tana ƙasa, idonta a kan allura.

"Usta, duba mini. Allura na hawa daidai, hannu yana kamawa, amma lomar nan ta ƙi tafiya. Na ce ko ƙarfin ne ya ragu."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin hadarin nan ya taso."

Ku ji abin da na yi, ku da kuke ganin na iya aiki. Na yi wa Alhaji sallama a gurguje, ban jira amsa ba, don dama ba ya magana in yana ci. Na durƙusa na buɗe bayan akwati. Na auna batura, tamam. Na auna kan muƙawamar ƙasa, abin da na lissafa shi na gani, ko ɗigo bai kauce ba. Na taɓa taranzista, babu zafi. Har wani daɗi na ji a raina, na ce aikina bai ba ni kunya ba. Na fi minti goma a kan akwatin nan, hannun mutumin yana buɗewa yana rufewa a saitin kunnena, da 'yar kisra a ciki duk ta dagargaje. Sai na ce bari in duba tsummokin ko sun bushe, na kama wuyan hannunsa.

Sanyin bai yi yawa ba, amma ba sanyin mai rai ba ne. Na nemi bugun jijiya, babu. Ina cikin nema, ƙas, yatsun suka naɗe suka kama bakin hannun rigata. Tsikar jikina ta tashi tun daga ƙafa har ƙeya. Na sunkuya na leƙa fuskar ta ƙasa. Ido a rabin buɗe, wani ƙuda yana tafiya a kan leɓe ba a kore shi ba.

Na yi inna lillahi a ƙasan maƙoshi, na kai hannu zan cire waya.

"Bari," in ji Hajja. Ba ta juyo ba.

"Hajja, Alhaji fa..."

"Na ji abin da ka faɗa. Bari tukuna."

Ta matso. Da yatsun suka saki, ta ɓamɓare kisrar daga tafinsa, ta goge masa da gefen mayafinta, ta sa hannunta a ciki. Ƙas, ya riƙe ta. Ƙas, ya sake ta. Ban san hukuncin wannan a wurin malamai ba, kuma har yau ban tambaya ba. Na san dai ya kamata a rufe masa ido, a miƙe shi, a kira maza. Na zauna a ƙasa, tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ruwa ya kece a kan ciyawar rufi, mu uku a ɗakin, akwati yana ta aikinsa.

Ba lokaci ɗaya ya daina ba. Ƙaramin yatsa ne ya fara kwanciya, sannan na kusa da shi. Riƙon ya koma shafa, shafar ta koma ɗan motsin manuni kaɗai. Sanda ruwa ya tsagaita babu abin da ke motsi sai allurar.

"Yanzu cire," ta ce.

Na cire. Ta rufe masa ido da hannunta, ta daɗe tana kallon fuskar. Sannan ta ce, "Usta, in Sa'adiyya ta tambaye ka, ka gaya mata ya ci. Loma uku ya ci yau, da damansa, ni na ƙirga. Ta huɗun ce ta tsaya." Ta fita kiran ɗan'uwansu.

Na tashi in miƙe masa ƙafafu kafin maza su shigo. Da na ja jallabiyar, sai ga su a cikin ninkin da ke tsakanin cinyoyinsa, loma uku, kowacce da miyarta, ba a taɓa ko ɗaya ba. Na ji takun Hajja tana dawowa. Na kwashe su na zuba a aljihu.

Laka ta hana Sa'adiyya isowa sai washegari, an riga an kai shi. Na same ta a bakin bukkar, na tambaye ta ko akwatina ne. Ta girgiza kai, ta ce ciwon ne ya dawo karo na biyu, dama abin da take gudu ke nan, wutar da ke tsakanin tsummoki biyu a hannu ba ta isa ta yi wannan ba. Sannan ta dube ni.

"Ammu Usta, ya ci kuwa?"

Hajja tana jinmu daga cikin ɗaki. Rigar jiya ce a jikina, lomomin suna nan a aljihu sun fara bushewa.

Na ce, "Ya ci, 'yata. Loma uku."